ƊAN GIDAN DA NA GANI A BADAGRY, DA ZAUREN KAKANMU DA AKE SHIRIN RUSHEWA

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i. Amma ina roƙon 'yan Bagwai musamman, da duk wanda yake da tsohon gini a gidansu, ya daure ya kai ƙarshe, don shawara nake nema.

Makon jiya na dawo daga Legas. Ƙanena na raka, ya kai albasa, muka sauka Alaba Rago wajen 'yan garinmu. Kaya sun fita amma kuɗi ba su taru da wuri ba, kun dai san halin kasuwa, sai muka samu kanmu da kwana biyu babu abin yi sai shan shayi da kallon motoci. A nan ne wani ɗan Kiyawa da ya daɗe a can ya ce da ni, "Malam, kai da kake koyar da yara, ka taɓa zuwa Badagry kuwa? Ga ta nan a kan wannan titin, ka je ka ga bene na farko a Najeriya." Na ce bene na farko? Ya ce haka aka rubuta a jikinsa.

Washegari da sassafe muka hau mota. Okokomaiko, Agbara, shingen bincike bayan shingen bincike saboda hanyar iyakar Seme ce, har muka isa. Badagry gari ne na bakin ruwa, mutanensa Egun ne da Yarabawa, ga bishiyoyin kwakwa ko'ina, ga iska mai ɗanɗanon gishiri, ga kuma 'yan uwanmu Hausawa kamar kullum, mai nama da mai goro da mai gyaran takalmi.

To ni dai a raina na ƙiyasta wani katafaren abu zan gani. Da muka tsaya a gabansa sai na juya na tambayi abokin tafiyata, "Wannan ne?" Wallahi ɗan gida ne. Fari, mai rufin kwano, da tagogin katako. A Kano akwai masu kuɗin da ɗakin maigadinsu da garejinsu in aka haɗa sun fi shi girma. Matakalar katako ce, in kana hawa tana ƙara, sai ka riƙa taka ta a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Ɗakunan ƙanana. Minti goma sun isa ka zagaye shi kaf in da zagayen kawai ka zo yi.

Amma mun fi awa ɗaya a ciki, saboda mai yi mana bayani. Saurayi ne, bai kai ƙanena ba, amma ya haddace gidan kamar yadda almajiri yake haddace allonsa. An kammala ginin a 1845, 'yan mishan na cocin Ingila ne suka gina, ƙarƙashin wani Gollmer. Ya nuna mana tsofaffin ƙusoshi da guntayen kayan ginin farko da aka adana. Ya kai mu ɗakin da aka ce Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda aka kama shi bawa yana yaro a 1821, jiragen Ingila suka ƙwato shi a teku, daga baya ya zama bishop a 1864, kuma shi ne jigon fassara Baibul zuwa Yarabanci. Ga tsofaffin littattafan nan a akwatin gilashi. Ya nuna mana rijiyar da take harabar gidan. Komai da shekararsa, komai da sunan mai shi. Muna nan wata motar makaranta ta sauke yara, kowa da littafi da biro.

Bari in fara da abin da ya sosa min rai, don ba zan ɓoye ba. Wannan magana ta "bene na farko a Najeriya" ba gaskiya ba ce, kuma na faɗa wa saurayin nan cikin raha. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina, masana suna danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ƙarni na 15. In wani ya ce ai wannan hasumiya ce ba gidan kwana ba, to ga wata shaidar, kuma daga bakin Bature. Hugh Clapperton, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdullahi, ya shigo Kano a Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A labarin tafiyarsa da aka buga a 1826 ya siffanta gidajen Kano masu matakala da ɗakuna a sama. Abin da zai ba ku mamaki, shi wannan Clapperton ɗin a tafiyarsa ta biyu ta Badagry ya sauka, a ƙarshen 1825, ya keto ƙasar Yarabawa, ya haye Kwara a Bussa, ya sake zuwa Kano, ya je ya mutu kusa da Sakkwato a Afrilun 1827. Wato shekara 20 kafin a gama wannan ɗan gida, mutumin da ya ga benayen Kano da idonsa ya taka wannan gaɓar ruwan. Mu da muke da kalmar "bene" da "soro" a bakinmu tun kaka da kakanni, ba 1845 muka fara hawa sama ba. In za a yi adalci, sai a ce bene na farko irin ginin Turawa da ya rage a tsaye.

Saurayin bai yi musu ba. Murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, na yarda. To in na zo Kano, wane gida za ka kai ni in hau, wanda aka rubuta shekararsa a jiki?"

Jama'a, na yi shiru. Na ce masa akwai Gidan Makama, wanda asalinsa yake komawa zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, akwai Gidan Rumfa kansa, akwai Gidan Ɗan Hausa. Duk gaskiya ne. Amma a zuciyata na san inda tambayarsa ta dosa. Benayen attajiran da Clapperton ya gani, na cikin unguwannin birni, guda nawa suka rage? Waye ya san na wane ne? Su sun riƙe ɗan ƙaramin abu da hannu biyu har ya zama "na farko". Mu muna da na farkon na gaskiya, mun bar ruwan sama da bulo sun cinye shi, sannan mu hau Facebook muna fushi an ƙwace mana tarihi. Laifi tudu ne.

Daga nan aka kai mu wani wurin da ya fi wannan ƙanƙanta, kuma shi ne ya hana ni barci. Gidan Seriki Williams Abass. Ku lura da sunan, Seriki, ai Sarki ne namu ya je can ya sauya kaya. Shi ma an ce bawa ne da farko, daga baya ya zama babban dillalin bayi, ya rasu a 1919. A gidan akwai ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Na shiga ɗaya. Ɗaki ne da bai fi ka shimfiɗa tabarma biyu ba, da wata 'yar kafa can sama wadda ba ta isa a kira ta taga ba. Mai bayani ya ce mutum 40 ake zubawa a ciki. Mu biyar ne muka shiga, aka turo ƙyaure, kafin minti ɗaya na ji numfashina yana sama-sama. Ga sarƙoƙin nan an ajiye, na ɗaga ta wuya da hannu biyu, na mayar.

Kada wani ya ce wannan tarihin 'yan Kudu ne, bai shafe mu ba. Ya shafe mu ta gaba da ta baya. Hausawa da yawa an bi da su ta tashoshin wannan gaɓar teku zuwa Birazil. A Bahia, a 1807, bayi Hausawa ne aka kama suna shirin tawaye. A Janairun 1835, cikin watan Ramadan, Musulmin birnin Salvador suka yi babban tawayen da har yau ake karantawa a jami'o'i, akasarinsu Yarabawa da wasu Hausawa, kuma an samu layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani ɗan wani ne, daga wani ƙauye irin namu, wanda ya yi karatun allo a wani zaure irin namu. Ta bayan kuma, mu ma mun sayar. Kasuwar Kurmi tana da ɓangaren bayi har zuwan Turawa a 1903, kuma sai 1936 doka ta haramta bauta ɗungurungum a Arewa. Mutanen Badagry sun ajiye abin kunyarsu a fili suna nuna wa 'ya'yansu. Mu namu mun binne, sai dai ya fito a bakin tsofaffi ranar da ake binciken asali wajen neman aure.

Sai aka ce a hau kwalekwale a tsallaka zuwa Gberefu, inda ake bi da bayin a ƙafa har bakin teku, wurin da in ka kai babu dawowa. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ga kwalekwalen nan sai gabana ya faɗi. Duk ɗan Bagwai ya san dalili. Tun abin da ya faru a ruwan Watari a ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife da bayin Allah da suka taso daga Badau, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, ban sake kallon ruwa da ido ɗaya ba. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Na sa rigar kariya, na yi addu'a, muka haye. A kan ruwan nake tunani: shekara nawa ne duka-duka, amma kwanaki a majalisarmu har an fara musun ko mutum nawa ne suka rasu. In abin da muka gani da idonmu ya fara zamewa haka, ina ga abin da kakanni suka gani?

Da dare na ɗora hoton ɗan benen nan, sai wani tsohon ɗalibina da yake karatu a Birtaniya ya turo min wani hoton ya ce, "Malam, ai naka babba ne." Wani jan gida ne a garin Conwy, bakin teku a yankin Wales, wanda suke kira gida mafi ƙanƙanta a Birtaniya. Faɗinsa ƙafa 6, tsayinsa ƙafa 10 da 'yan kai, kuma a hakan sama da ƙasa ne. An zauna a cikinsa har 1900. Mutumin ƙarshe da ya zauna masunci ne mai tsayin ƙafa 6 da inci 3, ko miƙewa sosai ba ya iya yi a ciki, har hukuma ta ce bai dace da zaman ɗan Adam ba. Ba sarki ne ya gina shi ba, ba a yi yaƙi a ƙofarsa ba. Ɗakin talaka ne kawai. Amma masu shi suka ƙi rushewa, yau mutane suna bin layi suna biyan kuɗi su leƙa. A wurinmu da tuni an ce "wannan akurkin?" an sa diga.

To yanzu ga inda gizo yake saƙar.

A ƙofar gidanmu akwai wani ɗan zaure na ƙasa. Waɗanda suka san gidanmu sun san shi. Kakanmu ne ya gina shi da tubali, rufin azara, kafin a haifi mahaifinmu. Ƙofarsa gajeriya ce, dole ka sunkuya. Muna yara mun ɗauka kuskuren magini ne, sai Baffa ya ce da gangan ne, wai duk girman mutum in zai shigo wajen Malam sai ya rusuna. Akwai alkuki a bango inda ake ajiye fitila, baƙin hayaƙin yana nan har yau. Akwai turken da ake rataye gafaka. A nan Kaka ya koyar da yaran unguwa, a nan ake ɗaura aure, a nan ake raba gado, a nan fatake suke kwana in dare ya yi musu. Baffa ya ce a farin 1973 a wannan zauren aka riƙa auna hatsin rumbun Kaka ana ba maƙwabta da dare, don kada a ga wanda ya karɓa. A nan aka zauna aka saurari rediyo lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, ya ce ranar har da masu kuka. Girman zauren bai fi na ɗakin da na shiga a gidan Seriki Abass da komai ba, sai dai wancan an gina shi don a tsare mutane, wannan don a karɓe su.

Kafin tafiyata Legas an yi zaman gida. Yaya ya kawo shawarar in an gama kaka, an sayar da amfani, a rushe zauren a fitar da shaguna biyu na bulo, tunda yana bakin hanya. Kowa ya ce to. Ni ma na ce to. Ban ji komai ba a lokacin, wallahi.

Da na dawo na same shi na ce, "Yaya, maganar zauren nan, da an ɗan dakata." Ya dube ni ya ce, "Kai matsalata da ku 'yan boko ke nan. Ka je Ikko kwana huɗu ka dawo da magana. Tarihi za mu ci? Kuɗin makarantar marayun gidan nan kai za ka riƙa biya?"

Kuma ina so ku ji ni da kyau, Yaya yana da gaskiya, ba kaɗan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi yake gida, shi yake hawa rufin nan duk shekara kafin damina. Akwai 'ya'yan ɗan uwanmu marigayi guda huɗu da suke wuyansa. Hayar shago biyu ba za ta sa mu yi arziki ba, amma za ta sayi littafi da takalmi. Sannan ginin ƙasa ba wasa ba ne. Duk damina sai mun ji labarin ɗaki ya faɗa wa mutane suna barci, a nan ƙananan hukumominmu. Wanda yake kwance a gidan siminti a birni, fanka tana kaɗa shi, ba shi da bakin da zai ce wa na ƙauye ya zauna a ɗakin da yake tsoron ya danne masa 'ya'ya, don kawai shi in ya zo hutun Sallah ya ɗauki hoto. Ina ƙin wannan ɗabi'ar, ta mai da talaucin wani abin ado. Ban ce kowa ya koma gidan ƙasa ba. Ni kaina ɗakina na bulo ne.

Amma akwai abin da muka daina faɗa wa kanmu. Ginin ƙasa ba don ƙasa ce yake faɗuwa ba, don an daina kula da shi ne. Da can kowace shekara ana yaɓe, ana gyara indararo, ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana duba azara ko gara ta shiga. Akwai magina na gado da suka san irin ƙasar da za a haƙa, da kwana nawa za a bar ta ta jiƙu da ciyawa kafin a murza tubali. Irinsu ne suka kai ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizo da ɗaurin gugan da har yau masu karatun zanen gini suke zuwa kallo. Yau a garinmu in ka nemi mai ɗaura azara da kyau sai ka sha yawo, kuma wanda za ka samu ya tsufa, 'ya'yansa suna acaɓa ko suna Legas. Giginyar ma da ake tsaga azarar mun sare ba mu dasa ba. Sai mu yi wa ginin ƙasa fulasta da siminti, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye, ranar da ya zube mu ce ai ƙasa ba ta da amana. Sannan a watan Afrilu duk mu gudu daga ɗakunan kwano mu dawo zauren Kaka shan iska. Ku tambayi Yaya da kansa inda yake yin ƙailula.

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu kusan shekara 900 da suka wuce, tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 ana jiran tantancewa. Ku bi ta gefenta yau ku gani, inda ba a yanka fuloti ba an mai da shi bola, inda ba bola ba an kwashe ƙasar an yi gini. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Har yau wurare biyu ne kacal a Najeriya suka shiga cikakken jerin na duniya, Sukur a Adamawa da dajin Osun a Osogbo. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun shigar da tsohon garin Agadas a 2013, kuma da me aka gina shi? Ƙasa. Irin wadda muke jin kunya. Ba na ɗora wa wata gwamnati ɗaya, don an yi gwamnatoci iri-iri ganuwar tana raguwa a hannun kowa, kuma masu ɗibar ƙasar da masu sayen fulotin ba daga wata duniya suka zo ba.

Inda muka riƙe kuwa, ai ga amfaninsa. Duk wanda ya taɓa shiga gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, Mambayya, ya ga ɗakinsa da 'yan kayansa, ya san babu laccar da za ta gaya maka waye mutumin kamar wannan ɗakin. Ya rasu tun Afrilun 1983, amma ƙanƙantar wurin kwanansa tana nan tana yi wa masu mulkin yau tambaya. Da an rushe an yi plaza, da sai dai a ce "an ce". Babban gida yana nuna maka abin da mutum ya tara. Ƙaramin kuwa yana nuna maka abin da ya ishe shi, kuma yaranmu da suke tashi a zamanin da ake auna mutum da tsayin get ɗinsa suna buƙatar su ga wannan da idonsu. An shafe sama da shekara goma babu darasin tarihi a ƙananan makarantunmu kafin a ce a dawo da shi. Ni da nake aji na san abin da hakan ya haifar: yaro ya san 'yan wasan Real Madrid har da na benci, bai san sunan kakan babansa ba.

Yanzu ana ta maganar babban titin da aka ƙaddamar a 2024, daga Illela ta jihar Sakkwato har Badagry, sama da kilomita 1,000. Allah ya sa a gama. In an gama, yaranmu za su je su ga ɗan benen 1845 cikin sauƙi, su dawo suna cewa shi ne na farko, don shi suka gani. Nasu yaran in sun biyo titin sun zo, me za mu nuna musu? Shagon cajin waya?

Ga abin da na kai wa Yaya, kuma shi nake so ku duba min. Filin da yake gefen zauren, inda muke ɗaure tumaki, zai ɗauki shago ɗaya babba. A yi shi a nan, tumaki su koma bayan gida. Shago na biyun da za a rasa, ni na ɗauki nauyin biyan kwatankwacin hayarsa duk shekara daga albashina, a sa a kuɗin makarantar yaran, kuma a rubuta a takarda da shaidu don kada ta zama maganar fatar baki. Gyaran zauren duk shekara, mu jikokin Malam mun fi talatin, in kowa ya kawo kuɗin katin waya na mako ɗaya an gama. Ba wanda zai kwana a ciki da damina sai magini ya duba ya ce lafiya. Sannan in samu allo in rubuta sunan wanda ya gina da abin da aka yi a ciki, da boko da ajami, in kafa a bango. Ba don Turawa su zo ba, babu Baturen da zai zo, kuma ba na yaudarar kaina cewa za a sayi tikiti a Bagwai. Don 'ya'yan gidan ne da yaran makarantarmu.

Na kuma fara abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Shekaranjiya na zaunar da Baffa a cikin zauren na kunna rikodar waya. Da farko ya ce me zai faɗa, shi ba malami ba. Da ya fara sai da aka kira Magariba. Ya lissafa min gidaje bakwai na unguwarmu da asalin inda kowanne ya taso, ya gaya min inda tsohuwar kasuwa take, da rijiyar da aka cike, da sunan maginin da ya ɗaura rufin. Rabin abin da ya faɗa ban taɓa ji ba, ni da nake da shekara arba'in da 'yan kai a gidan. Gwaggo kuma ta aiko a gaya min nata labarin ya fi na Baffa, in zo da wayar ranar Asabar. Wannan kam kowa zai iya, wayar da muke ɓata data a kanta wajen zagin juna saboda 'yan siyasa ta isa.

Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ka bari a gama yankan gero." Wanda ya san Yaya ya san wannan ma ci gaba ne. An sa zama ranar Juma'a ta sama bayan La'asar, a cikin zauren, kuma na san wasu daga cikin 'yan gidanmu suna karanta wannan, to ku zo, har da masu ganin a rushe, ku faɗi hujjarku a gaban Baffa.

Abin da nake nema a wurinku biyu ne. Wanda ya san tsohon magini da har yanzu yake aikin azara da makuba, a Bagwai ko Bichi ko Shanono ko Tsanyawa ko Dawakin Tofa, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina so ya zo ya duba rufin kafin ranar zaman, don in ya ce ba zai gyaru ba ni ma ba zan sa ran kowa a haɗari ba. Na biyu, wanda yake da irin wannan zaure ko soro ko tsohon rumbu a gidansu, a Gadanya ne ko Gogori ko Romo ko Rimin Dako ko ina ne, ya ɗauki hotonsa ya sa a ƙasan wannan rubutu, da sunan garin da abin da ya sani game da shi. Ina so in ga guda nawa suka rage mana.